Sabuwar kwamfuta mai sanyin ruwa, amma furosesa na kai digiri 100: laifin wa?

A watan Afrilu, idan rana ta take a Dutsi, mai ɗakin rufin kwano ba ya buƙatar ma'auni kafin ya san halin da ake ciki. A ɗauka a irin wannan ɗaki ne wani matashi, wanda ya shekara yana tara kuɗi, ya zauna gaban kwamfutar da ya haɗa da hannunsa: akwati mai gilashi, fankoki masu wuta kala-kala, da na'urar sanyaya furosesa ta ruwa, irin wadda ya daɗe yana gani a YouTube da TikTok. Ya danna, ta tashi lafiya. Ya buɗe bidiyon bikin da aka ba shi ya tace, kafin minti goma fankoki sun fara ruri kamar injin markaɗe, manhajar HWiNFO kuma tana nuna digiri 95, wani lokaci har 100. Abin da zai fara zuwa ransa shi ne an sayar masa da jabu. Bayan haka sai ya fara lissafin ƙaro kuɗi ya sayi lagireto mai fanka uku.

Galibi dukkan tunanin biyu kuskure ne. A sabuwar kwamfuta, yawancin zafin da ya wuce kima daga wajen haɗawa yake fitowa, kuma ana iya gano shi a yini ɗaya ba tare da an kashe ko sisi ba. Sauran kuwa daga ɗakin yake, da kuma irin furosesar da aka zaɓa. Nan ne maganar take da ɗaci, domin da yawa daga cikin masu sayen na'urar ruwa a shiyyar Daura ba su buƙace ta ba tun farko.

Randa da lagireto ba ɗaya ba ne

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da randa ya san ruwanta na yin sanyi ko da ana tsananin zafi. Wannan ne ya sa da an ce "sanyaya ta ruwa" sai hankali ya tafi can. To amma randa na sanyi ne saboda ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Randa na iya sa ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi.

Na'urar kwamfuta ba ta iya wannan. A rufe take ruf, ba abin da ke bushewa daga cikinta don ya tafi da zafi. Abin da ke ciki farantin jan ƙarfe ne da ke kwance a kan furosesa, ƙaramin famfo, tiyo biyu, da lagireto irin na mota amma ƙarami. Ruwa ya kwashi zafi daga farantin, famfo ya tura shi lagireto, fanka ta hura iskar ɗaki ta cikinsa, ruwan ya dawo. Aikin ruwan dako ne kawai. Yana da ƙarfin dakon kuwa, domin giram ɗaya na ruwa na ɗaukar zafi kusan ninki huɗu na abin da giram ɗaya na iska ke ɗauka, amma a ƙarshe iskar ɗakin ce ke karɓar kayan. Idan iskar ɗakin digiri 38 ce, ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da 38 ba, ko fanka goma aka jera.

Masu gwajin kaya a Amurka da Turai suna aiki ne a ɗakunan da zafinsu ke wajen digiri 21 zuwa 25. Ƙwararrunsu, irin su tashar Gamers Nexus, ba ma sa bayar da zafin furosesa kai tsaye, sai su faɗi tazarar da ke tsakaninsa da zafin ɗaki. Lissafin mai sauƙi ne. Na'urar da ta riƙe furosesa a digiri 78 a ɗaki mai digiri 22, idan aka kawo ta ɗaki mai 38 za ta nuna kusan 94. Ba abin da ya lalace, tazarar 16 ɗin nan ce ta hau kai. A Katsina kuwa, zafin rana ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu ba labari ba ne.

Masu waya sun san wannan a aikace ko da ba su san sunansa ba. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an yi iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, shi ya sa a bazara waya ke rage hasken fuska ko ta dakatar da caji. Wayoyin da ake tallatawa da "sanyin ruwa", irin su Poco F1 ta 2018, ɗan ɗigon ruwa ne a cikin siririn bututu ko farantin jan ƙarfe, yana zama tururi yana komawa ruwa don baza zafi zuwa jikin wayar. Su ma iyakarsu iskar da ke kewaye da su.

Kafin a zargi mai shago

Duk da haka, ba kowane zafi ne za a ɗora wa bazara ba. Yadda zafin ke hawa yana faɗin inda matsalar take, in dai an tsaya an lura, kuma hannu ma kayan gwaji ne.

Idan an shiga BIOS, ba a aikin komai, amma lamba na ta hawa a hankali, 60, 70, 85, har kwamfutar ta kashe kanta, to ruwa ba ya zagayawa. A taɓa kan famfon za a ji shi da zafi, a taɓa lagireto a ji shi ba ɗumi ko kaɗan. Sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau, ba a ba shi wuta ba ne. Wasu na'urorin daga madabod suke shan wuta, ta mahaɗin da aka rubuta AIO_PUMP ko CPU_FAN. Wasu kuma sai an jona musu wayar SATA daga akwatin wuta, kuma ita ce aka fi mantawa, domin fitilun ado na iya kamawa ta wata wayar dabam, mutum ya ga haske ya ɗauka komai na aiki. BIOS na nuna gudun famfo. Ya kamata a ga juyi dubu biyu zuwa uku a minti, ko abin da littafin na'urar ya faɗa. In an ga sifili, an gano ɓarawon. Akwai kuma wanda ke jona famfo a mahaɗin fankar akwati, madabod ta riƙa rage masa gudu kamar fanka. Gara a saita shi ya tsaya a gudu ɗaya mai ƙarfi.

Idan kuwa ba a aiki zafin na da dama-dama, amma da an ɗora aiki cikin daƙiƙa biyu ya buga 100, tiyo da lagireto kuma ba su ko yi ɗumi ba, to zafin ba ya isa ga ruwan. Farantin bai zauna a kan furosesa yadda ya kamata ba. Abin kunyar da ya fi kowanne yawa a nan shi ne leda. Sabuwar na'ura kan zo da siririyar leda a manne a kan farantin, wani lokaci garau take har ba a ganinta, kuma ƙwararru ma sun sha mantawa da ita. Mai zumuɗin ganin sabuwar kwamfuta ta tashi bai fi ƙarfin wannan ba.

Bayan leda sai ƙarafan ɗauri. Soket ɗin Intel na LGA1700, wanda ya zo da furosesa ta ƙarni na 12 a ƙarshen 2021, ramukansa sun fi na LGA1200 tazara, milimita 78 maimakon 75, furosesar kuma ta ɗan fi kwanciya ƙasa. Wasu madabod na da ramuka iri biyu, saboda haka tsofaffin ƙarafa na iya shiga, a ɗaure, a ga kamar ya yi, alhali farantin bai danna sosai ba. Na'urar da ta daɗe a shago, ko ta hannu, na iya zuwa ba tare da ƙarafan sabon soket ba. Hanyar ganewa ita ce a cire a dubi man da aka shafa tsakanin furosesa da faranti. In ya baje siriri ko'ina, zama ya yi kyau. In ya taru a gefe guda, ko ya tsaya da kauri kamar yadda aka ɗiga shi, ba a danna ba. Sai a goge, a sa sabo kamar ƙwayar wake, a ɗaure notunan huɗu kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan mai kallonta, kamar yadda bakanike ke ɗaure tayar mota. Yawan musu a kan wane mai ya fi wane ɓata lokaci ne. Bambancin man kirki da man kirki digiri kaɗan ne, bambancin leda da rashinta kuwa na iya kai gomiya.

Sai zaman lagireto. Kowace na'ura tana da 'yar iska a ciki, kuma iska sama take hawa. Idan famfo ne mafi tsayi a zagayen, misali an kwantar da lagireto a ƙasan akwati, iskar za ta taru a cikin famfon, a riƙa jin ƙara kamar ana kurkure baki, ruwa ya rage gudu, famfon ya gaji da wuri. Mafi kyau lagireto ya zauna a saman akwati. In dole sai a gaba, to samansa ya fi famfo tsayi, tiyo kuma su fito ta ƙasa in tsawonsu ya kai. A duba fankoki ma: iska na fita ne ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe motar fankar. Akwatin da duk fankokinsa ke turo iska ciki, ko gabansa gilashi ne ba ƙofar iska, tanda ne mai ado. A cire murfin gefe a sake gwaji. In zafi ya sauka sosai, akwatin ne ke shaƙe na'urar.

Wani abu game da gwajin kansa: ruwa na ɗaukar lokaci kafin ya yi zafi. A minti biyun farko kowace na'urar ruwa gwana ce. Sai bayan minti 15 zuwa 30 ana aiki ne ake ganin gaskiyarta. Saboda haka gwajin da aka yi a tsaye a shagon Kano, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ba ya faɗin abin da zai faru a Dutsi da ƙarfe uku na rana. A kunna Cinebench ta yi aƙalla minti goma, a maimaita, sannan a yi magana.

Digiri 95 ba kullum ne cuta ba

Idan an bi duk waɗannan, tiyo biyu sun yi ɗumi, lagireto na fitar da iska mai zafi, to na'urar na aikinta. Abin da ya rage shi ne a fahimci halin furosesar zamani. AMD ta faɗa ƙarara cewa jerin Ryzen 7000, da ya fito a 2022, an tsara shi ne ya riƙa ƙara gudu har sai ya kai digiri 95, ya tsaya a nan yana aiki. Iyakar Intel ta ƙarni na 13 da 14 digiri 100 ce. Da an kai iyaka furosesa na rage gudu da kanta don kare kanta. Don haka tambayar da ta dace ita ce nawa gudun ya ragu, kuma makin Cinebench ya yi kusa da na sauran masu irin wannan furosesa ko ya yi nisa.

Sai maganar wutar da furosesa ke sha, wadda ita ce asalin zafin. Core i9-14900K a takarda iyakarta wat 253. Amma kamfanonin madabod sun daɗe suna sakin wannan iyaka tun daga masana'anta, wasu har suna rubuta 4095, ma'ana ba iyaka, don allonsu ya yi fice a gwaji. A 2024 abin ya zama rikici, lokacin da furosesoshin Intel na ƙarni na 13 da 14 suka riƙa tsinkewa a tsakiyar wasa da aiki. Intel ta amsa cewa wutar da ke shiga ta yi yawa har tana lalata su a hankali, ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS a watannin Agusta da Satumba na shekarar, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Wanda ya haɗa kwamfuta da irin wannan furosesa, aikinsa na farko sabunta BIOS ne da zaɓar saitin Intel na asali. A yi shi kuma lokacin da ake da tabbacin wuta, a kan inbata ko UPS, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta BIOS na iya kashe madabod. Wanda kuma zai sayi irin wannan furosesa ta hannu ya sani cewa gyaran na hana lalacewa ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace.

Rage wutar shi ne maganin da ya fi kowanne araha, kuma shi ne matasa suka fi ƙi, saboda ana ganinsa kamar ragwanta. Ryzen 9 7950X na iya jan wat 230. A saitin Eco Mode na 105 tana tsayawa a 142, kuma abin da ake rasawa na gudu kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da ya ragu, domin 'yan matakan gudu na ƙarshe su ne ke cin wuta fiye da kima. Ga wanda ke aiki da hasken rana da batir, ko yake sayen fetur a janareta tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, wannan wat 88 da ya ragu kuɗi ne a aljihu. Kada kuma a manta duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa a cikin ɗakin. Inji mai jan wat 500 hita ce, ko da ruwa ake sanyaya ta ko da iska. Tana ɗumama ɗakin, ɗakin na ɗumama lagireto.

Shin tun farko ya kamata a saye ta?

Masu goyon bayan na'urar ruwa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Furosesa mai jan wat 250 ko fiye tana wahalar da na'urar iska, lagireto mai milimita 360 kuma ya fi ta filin zubar da zafi. Yana fitar da zafin waje kai tsaye maimakon ya bar shi yana yawo a akwati. Wanda sana'arsa tace bidiyo ce, yana fitar da aiki awa da awa a Premiere Pro ko DaVinci Resolve, kowane minti kuɗi ne a wajensa, zai iya cin ribar abin da ya kashe.

Amma nawa ne irin waɗannan? Yawancin matasan da ke haɗa kwamfuta suna so ne su buga wasan ƙwallo ko Call of Duty, su tace gajerun bidiyo, su yi zanen fosta da katin biki. Furosesa irin Ryzen 5 5600 ko 7600, ko Core i5-12400F, ta ishe su, kuma dukkansu ajin wat 65 ne. Na'urar iska mai hasumiya biyu, irin Thermalright Peerless Assassin 120, ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, a farashin da bai kai na na'urar ruwa mai suna ba. Abin dariyar ma shi ne ita ma akwai ruwa a cikin bututanta na jan ƙarfe, irin dabarar da ke cikin waya, sai dai ba ta buƙatar famfo.

Rashin famfon nan shi ne babbar magana ga mutumin Dutsi. Na'urar iska abu ɗaya ne ke iya mutuwa a jikinta, fanka, kuma ko ta mutu ƙarfen na ci gaba da ɗaukar wani zafin har a samo wata, wadda ba ta da wuyar samu. Famfon na'urar ruwa in ya mutu aiki ya tsaya cak, kuma ba a gyara shi. Ruwan ciki ma na raguwa a hankali ta jikin tiyo cikin shekaru, zafi kuma na hanzarta hakan. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2022 MSI ta janye wasu na'urorinta na MAG CoreLiquid 240R da 360R saboda datti na taruwa yana toshe farantin, a shekarar kuma Arctic ta sanar da matsalar roba a wasu Liquid Freezer II, ta raba kayan gyara. Mai saye a Jamus ya cike fom aka aiko masa har gida. Mai saye a Dutsi, wanda kayansa ya biyo ta hannun ɗan kasuwa a titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ko ta odar intanet daga Sin, garantin shekara biyar ko shida da ke jikin kwali ba lalle ya amfane shi ba. Kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, da kwanakin da aiki zai tsaya, suna cikin farashin na'urar ko da ba a rubuta su a rasit ba. Na'urar ruwa ta hannu kuwa caca ce zalla, tunda ba mai iya leƙa cikinta ya ga nawa ruwan ya rage.

Ga kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu zafi na sauƙi, amma ƙura na shiga ko'ina. Haƙarƙarin lagireto sirara ne kuma a matse suke, ƙura na liƙe musu kamar bargo, musamman in lagireton ne ke shaƙo iska daga waje. Kwamfutar da ta yi lafiya a Disamba na iya shiga Afrilu da lagireto a toshe, daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Kafin bazara ta kama ya kamata a fitar da akwatin waje a hure shi da abin hura iska, ana riƙe fankoki da yatsa kada su yi ta juyawa. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora a tebur, nesa da bango, kuma aikin da ke da nauyi a bar shi sai dare ko da asuba, lokacin da kwano ya huce.

Wanda ya riga ya saya ba sai ya yi nadama ba. Ya ciro farantin ya duba leda, ya tabbatar famfo na juyawa, ya daidaita ƙarafa da zaman lagireto, ya sabunta BIOS, ya sa wa furosesa iyakar wuta. Idan bayan wannan tana aiki a digiri tamanin da wani abu a tsakiyar bazara ba tare da gudu ya faɗi ba, kwamfutarsa lafiya take. Wanda kuwa yake kan tara kuɗi, bambancin da ke tsakanin na'urar ruwa mai fitilu da na'urar iska mai kyau zai fi masa amfani a UPS, ko ƙarin RAM, ko fankar tsaye da za ta riƙa fitar da iskar ɗakin ta taga.